Ƙeyar Dutsen Mama Saratu

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne, Audu Fenti na Trikania. Ba na jin kunya, don wautar da za a daɗe ana ba da labarinta ma sai ƙwararre ke iya yin ta. Ku da kuke tsayawa a ƙofar shagona da waya a hannu, kuna leƙen zanena kuna cewa ko ƙaninku na firamare zai iya, har yanzu ba ku kai matsayin yin wauta ba. Ku ja benci ku zauna.

A aji huɗu na tsaya da boko. Ba kora ta aka yi ba, ni da hedimasta ne muka duba muka ga gara kowa ya huta. Muna Unguwar Mu'azu a lokacin. Da na gaya wa mahaifina zan bi masu fentin mota a garejin Trikania, sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada hannuna ya zana abu mai rai. Ba mutum, ba zaki, ba ko ƙadangare. To bayan babbar mota a wancan zamani, in ba zaki ne ya danne barewa ba, gaggafa ce ta sure maciji. Ogan garejin ya dube ni ya ce to uban me zan tsinana masa ke nan. Daga ƙarshe ya bar mini abin da kowa ke gudu, wato abin da ke bayan zakin: sama, tudu, itatuwa da kogi. In na gama, ya zo ya ɗora zakinsa a kan aikina ya sa hannu. Ta wannan ƙofar bayan na shiga zanen ƙasa da duwatsu, kuma da albarkar mahaifi.

Wata motar katako da nake yi wa kogi ita ta haɗa ni da Malam Bulus. Mutumin Pankshin ne, ya yi karatun zane mai zurfi a Zariya, yana fitar da zanen atamfa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ranar Asabar kuma ya ɗauki allonsa ya fita bayan gari. Ya kawo ƙaramar motarsa gyara, sai ya tsaya yana kallona ina shafa shuɗi mai kyau, irin na sabon bokitin roba. Ya tambaye ni wane kogi ne wannan. Na ce kogin Kaduna mana. Da aka gama masa gyara ya ce in shigo mota, ya kai ni bakin gada, damina ta yi tsakiya, ya ce in duba in gaya masa launin ruwan. Na duba. Ruwan nan kamar shayin da aka yi wa rowar madara. Inda rana ta faɗa ya yi fari kamar sabon kwanon rufi, ƙarƙashin gada kuma kore ne mai duhu. Ko ɗigon shuɗi babu. Ya ce ashe duk shekarun nan kogin da ke cikin littafin aji biyu nake zanawa, alhali na gaskiyar yana wucewa ta bayan gidanmu.

Daga nan na zama ɗan gidansa na Asabar. Abin da ya fara yi shi ne ya zare ƙaramin burushina, wanda nake fitar da ganye ɗaya bayan ɗaya da shi, ya sa a aljihu. Ban sake ganinsa ba. Ya ba ni mai faɗi irin na fentin ƙofa, ya ce in runtse ido har ganye ya daina zama ganye ya koma dunƙule, har gona ta zama kamar an yanka ƙyalle an shimfiɗa. Ya ce ƙirga ganye kyamara ta riga ta ƙwace mana shi, kuma ta fi mu iyawa. Abin da ya rage mana shi ne nauyin dutse, da zafin rana a kan ƙasa, da yadda gari ke yin shiru kafin hadari. In dutse ya yi maka nauyi da yamma, ka ba shi shunayya, ko da duk duniya ta rantse ruwan toka ne. Wannan salo yana da wani dogon suna na Turanci da Malam Bulus ke faɗa yana gyara tabarau. Ni zanen zamani nake ce masa, kuma bai taɓa ƙin amsawa ba.

Kayan aikin kuwa, kada ku zata irin na cikin fim ne. Allo na silin ne, a goge shi da sanfefa, a yi masa farin fenti, ya bushe, a sake gogewa. Wanda ya yi gaggawa a nan, bayan damina biyu zai ga dutsensa yana ɓarewa kamar bawon rogo. Fentin mai na gwangwani, irin na kowa, a tsinka shi da kananzir. Gwangwanayen madara su ne wurin haɗi. Gawayi na fitar da siffa. Ga wuƙar da na wasa daga guntun zarto, da ita nake ɗora fenti da kauri inda nake so ido ya tsaya, har yau tana nan kuma ba na ba da aronta. Ja, ruwan ɗorawa, shuɗi da fari, da su ake haɗa komai. Baƙi kuwa haramun ne a wurin Malam Bulus, yana cewa na masu rubuta lambar mota ne, inuwa ma tana da launinta in mutum ba rago ba ne. Sai haƙuri. Da damina fentin mai ba ya bushewa, ka tashi da safe ka tarar ƙwari sun zo sun mutu a tsakiyar sararin samaniyarka, ka zauna da allura kana yi musu jana'iza ɗaya bayan ɗaya.

Masu saye su ne babbar makarantar. Masu ɗaukar hoto suna son labule mai dogon bene da tafki da ciyawa kamar kafet, wurin da babu shi ko a Legas, in yi musu in rufe bakina, don da shi ake cefane. Otal-otal da wasu manyan ma'aikata su kan sayi na gaskiyar, su rataye, in baƙo ya tambaya su ce aikin wani ne daga ƙasar waje. Wani Alhaji mai tireloli ya taɓa sa in zana masa gonarsa ta hanyar Kachia. Na yi masa ƙasa ja wur, masara kamar harshen wuta, aikin da Malam Bulus da kansa ya tsaya ya daɗe a gabansa. Alhaji ya duba, ya duba, ya ce madalla da somin taɓi, yaushe zan dawo in ƙarasa.

Wannan tambayar ba baƙuwa ba ce a kunnena, don a gida nake kwana da ita. Asabe mai ɗakina, tun tana amarya, ba ta taɓa ganin zanena ta ce ya yi ba. Sai dai ta karkata kai ta ce, Malam, fentin ne ya ƙare? Ta taɓa ɗaukar wani allo da na zana Dutsen Kufena ta toshe ɓarakar akurkin kaji da shi, ta kuma zo tana mini ƙorafi wai tun ranar kajin suka rage ƙwai.

Sai shekarar da komai ya haɗu. Masaƙu suka yi ta rufewa, jiniyar da muke tashi da ita ta yi shiru, mutanen da ke sayen ɗan zane su rataya a falo suka koma sayar da kujerun falon. Malam Bulus ya tattara ya koma Filato, bai daɗe ba aka aiko mana ya rasu. A daidai nan kuma injin da ke buga hoto a leda ya shigo, wanda kuke kira fileks. Labulen da nake shafe mako ina yi, injin ya tofo shi kafin mutum ya gama shan lemo. Na koma fentin katanga, da rubuta "ba a fitsari a nan", da zanen lemo da ayaba a bangon makarantun yara. Asabe ta ce aƙalla ayabar ana gane ta. Har na yi magana da wani mai cajin waya zai karɓi shagon.

Ana cikin haka Yohanna ya zo. Na san shi tun yana kula da injin saƙa, yanzu ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku tsakanin Sabon Tasha da cikin gari. Ya ce mahaifiyarsa, Mama Saratu, tana wurinsa. Ƙafafu sun ƙi, likita ya hana ta doguwar hanya, ga ido yana tafiya, kuma an ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, abin da ya rage zai ƙare a hankali. Ita kuma ba ta da magana sai ta dutsen ƙauyensu, can wajen Kwoi, tana so ta gan shi kafin duhu ya rufe. Jikanta ya je ya ɗauko shi a waya, an buga a fileks ƙato, an kafa mata, ta ce hayaƙi kawai take gani. Amma Yohanna ya lura har yanzu tana bambance jan zani da bokiti ruwan ɗorawa. Shi ne ya tuna da ni, ya ce launina yana da ƙarfi, ana hango shi daga tsallaken titi. Na gyara zama na ce masa ai kuwa ya zo wurin da ya dace.

Damina na ƙarewa na shiga mota. Inda aka sauke ni a bakin titi, ai sai na ga dutse ya miƙe kamar an ajiye shi don ni: tsayi, kafaɗu biyu, rana na dukan gefe guda. Ɗan ƙanen Mama Saratu, Danladi, ya zo da babur zai kai ni cikin gari, ya ce gidajen suna can ɗaya gefen, sai an zagaya. Na ce masa ya huta. Ya ce ai ko ruwa na shiga in sha, in ga inda aka haifi tsohuwar. Na yi masa bayani a hankali, irin na wanda ya zauna da masu ilimi, cewa mai zane shi ke zaɓar inda zai tsaya, kuma tarihi ba shi ya kawo ni ba. Ya ce to. Ya zauna a kan babur yana cin rake yana kallona, na cika takardu da gawayi, na shafa launuka a guntun kwali, na tare motar yamma na dawo.

Allon ya kai girman ƙofa. Na ba dutsen shunayya mai nauyi, sama ruwan goro, gindinsa kore mai duhu. Wallahi aiki ne. Muka ɗaura a saman keken Yohanna zuwa Sabon Tasha, yara na bin mu. Aka jingine shi a bango kusa da gadon Mama Saratu, aka buɗe taga. Ƙaramar tsohuwa ce, ta ɗaura kallabi, muryarta kuwa ta fi jikinta. Aka matso da ita har hancinta ya kusa taɓa fentin. Ta ɗaga yatsa ta bi gefen dutsen, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ba ta kauce ba ko kaɗan. Na dubi Yohanna, na ɗaga masa gira. Ta gani. Abin da injin bai iya ba, na iya.

Sai ta sauke hannu ta ce a mayar da ita gado. Yohanna ya tambaye ta ko ba shi ba ne.

"Shi ne," in ji ta. "Ƙeyarsa ce. Ɗana, wannan shi mutum ke gani in an sa shi a mota zai bar gari. Na gan shi ranar da na taho, ya ishe ni. Ni da nake so in koma, ka kawo mini tafiya."

Ta juya fuska bango. A tsakar gida Yohanna ya bayyana mini abin da Danladi ya so gaya mini na hana shi. A wurinsu dutsen yana da fuska yana da ƙeya. Fuskar tana kallon gari, ƙeyar tana kallon titi, kuma ba ɗan garin da zai rataye ƙeya a ɗakinsa. Ya ce kada in damu, na yi ƙoƙari. Wannan kalmar, na yi ƙoƙari, ita ake gaya wa yaron da ya zo na ƙarshe a tsere. Na ce ya ba ni lambar Danladi.

Da na koma an fara haƙar citta. Wannan karon na hau bayan babur ba gardama, Danladi kuwa ya tambaye ni ko yau tarihi ne ya kawo ni. Ya kai ni kangon gidan kakansa, ya nuna mini inda ƙofar madafi take, inda Mama Saratu ke niƙa tun tana yarinya. Dutsen niƙan ma yana nan, ya lotsa a tsakiya. Na tsaya a tsaye zan fara, sai na tuna mai niƙa ba a tsaye take ba. Na durƙusa, da gwiwoyin nan nawa.

To ku ji abin da fuskar take. Daga nan dutsen ba shi da kyau ko kaɗan. Gajere ne, ya yi doro kamar tsohon jaki, wata itaciyar ɗorawa ta tare rabinsa. Da Malam Bulus na da rai, da zai ce a nemi wani wuri. Amma a ƙasansa akwai falalen dutse mai faɗi, mata sun tsaga citta sun shanya a kai, rana ta doke ta ta yi haske kamar an kunna fitila. Wata siririyar hanya ja ta taso daga ƙofar da nake durƙushe ta nufi wurin. Na runtse ido, komai ya ɓace sai abu huɗu: doro, itaciya, hanya, da hasken nan.

Yohanna yana bugo waya yana cewa jan zanin ma ya fara yi mata duhu. Fentin mai kuwa bai san gaggawa ba, in ka ɗora sabo a kan ɗanye sai su haɗu su zama taɓo. Na rage kananzir, na rinƙa fitar da allon rana ina zaune a gabansa da mafici ina korar ƙwari da awaki. Ban sa komai ƙarami ba. Doron na ba shi shuɗi mai duhu, itaciyar dunƙule guda kore, hanyar ja kamar yankan wuƙa. Cittar kuwa na haɗa ruwan ɗorawa da fari na ɗora da wuƙar zarto, da kauri, har tana da tudu.

Ranar kaiwa na ce Asabe ta shirya ta bi ni. Ta ce me za ta je yi. Na ce shaida. Ta dama kunun gyaɗa ta zuba a fulas don tsohuwa, muka hau keken Yohanna, allo a sama.

Aka matso da Mama Saratu. Ta daɗe ba ta motsa ba, har na fara duba ƙofa. Sai ta sa yatsa a ƙasan allon, daidai kan jar hanyar, ta bi ta a hankali kamar mai tafiya da tulu a ka. Ta wuce itaciyar, ta ce da Yohanna har yanzu ba a sare ta ba ashe. Yatsan ya kai kan cittar ya tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa, ta haɗe rai.

"Cittar wa aka shanya a wurin uwata?"

Na ce ta matar Danladi ce, Mama.

"Na sani. Ba ta taɓa iya shanya ba. Dubi yadda ta tara ta da kauri, ai sai ta yi fumfuna. Yohanna, buga mata waya yanzu ka ce ta baza ta."

Yohanna ya fita da waya a kunne, ban san wa ya kira ba, na dai ga yana goge fuska da hularsa. Tsohuwa ta sa aka juya gadonta ya fuskanci allon, ta sha kunun Asabe, ta yi ta nuna mata inda rafi yake a bayan itaciya, da inda suka taɓa gamuwa da birai, wuraren da ban zana ba ma. Ta sa mini albarka da yarensu, doguwa, Yohanna ya ce in ce amin kawai, duk alheri ne.

Ta ga dutsenta har ganin ya ƙare, bayan nan ma an ce kullum da safe sai ta laluba ta duba ko cittar ta bushe. Matan cocinsu da ke zuwa gaishe ta suka kai labari. Mutanen Kagoro suka zo, na Zonkwa suka zo, har da wani ɗan Binuwai da ba su da dutse sai kogi. Mai cajin waya ya nemi wani shagon. Kuma daga ranar, duk wanda ya ce in zana masa garinsu, kafin mu yi maganar komai sai na tambaye shi daga wace ƙofa, a tsaye ko a durƙushe. Ku tambayi injinku ko ya san wannan.

Amma ban gama muku ranar ba. Da za mu koma, Yohanna ya ɗauko mu, muna cikin cunkoson kasuwar Sabon Tasha na ga lokaci ya yi. Na gyara hula, na ɗaga murya yadda na keken kusa ma za su amfana. Na ce tun ina saurayi nake wannan aiki, Alhazai sun raina, otal sun ɓoye sunana, a cikin gidana ma an toshe akurki da ni, amma yau Allah ya kawo wadda ta dubi zanena ta gane shi tun daga tushe har sama, ba ta tambayi yaushe zan ƙarasa ba. Na juya na ce da Asabe, to yanzu me za ta ce.

Ta gyara fulas a cinyarta, ko kallona ba ta yi ba.

"Ni ai ban taɓa musu ba, Malam. Tun ina amarya nake gaya maka, aikin nan naka sai wanda ba ya gani sosai."

Yohanna ya kusa hawa kan tiren mai tumatir. Ni kuwa har muka iso Trikania ina duba farashin doya a gefen titi.